Gardin Majo Ranar Auren Ɗansa

A asibitin da na fara aikin jinya, cikin wani gari na Damargu, akwai baƙin allo rataye a bangon ofishin majo. Majo shi ne shugabanmu, mu masu jinya, kuma a kan allon nan yake rubuta gardi da alli: wa zai yini, wa zai kwana, wa zai yi Lahadi, wa zai ci Sallarsa a bakin gadon marasa lafiya. Abin da aka rubuta da alli kuwa tafin hannu ma yana goge shi. Sai ka duba da safe ka ga kana da hutu, ka dawo da la'asar ka tarar sunanka ya yi ƙaura. In ka yi magana ya ce aiki ne ya buƙaci haka, ya ci gaba da karkaɗe hannunsa.

Mutumin Damagaram ne, ƙato, mai son turare, farar rigarsa kullum a goge kamar ba a asibiti yake aiki ba. Shi ba ya gardi. Tun da aka ba shi majo bai sake kwana a ɗakin jinya ba. Abin da ya fi so a duniya ragunansa ne, yana da su a bayan gida, manya-manya, ana yi musu wanka da sabulu. Da ya ji ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Falanko, sai ya ce in riƙa ɗauro masa harawa a bayan moto, wato babur ɗina, duk lokacin da na je gida. Na yi ta kawowa. Sabon ma'aikaci ne ni, kuma a gidanmu an koya mini cewa babba babba ne.

Wata rana na dawo hannu biyu, don harawar ta ƙare a wurin Baba. Majo yana tsaye a ƙofar asibiti, mata sun cika rumfar jira, ya ɗaga murya ya ce, "Kai ɗan ƙauye, ina abincin raguna?"

Na ce, "Majo, jinyar mutane aka turo ni. Raguna suna da nasu likita."

Matan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, har da dafa kafaɗata. Daga wannan wata na zama ɗan gidan gardi. Lahadi tawa ce, ranar kasuwa tawa ce, Sallah ƙarama da babba duk nawa ne. Ban kai ƙara ba. Na ce da ƙarfina, in dai aiki ne ba zai kashe ni ba.

Abin da ban yafe ba ya faru ne da faɗuwar damina. Wanda ba manomi ba ba zai gane ba: a ƙasarmu in ruwan shuka ya sauka, ba ya jiran kowa. Ƙasa rairayi ce, yau da laima, jibi ta bushe. Baba ya tsufa, yana fama da hawan jini, ni nake kai masa magani. 'Yan'uwana mata duk suna gidajen aurensu, ƙanena yana ci-rani bai dawo ba. Tun da bazara muka yi da Baba cewa ranar da aka yi ruwa zan zo in riƙe sungumi, shi da Inna su bi ni da iri.

Aka yi ruwan da asuba. Hantsi bai yi ba Baba ya sa aka kira ni a salula, muryarsa cike da murna. "An yi ruwa har ya kwanta a kwari. Kana tafe?"

Na ce ina tafe.

Ranar ina da gardi, amma na riga na shirya. Akwai wata babbar ma'aikaciya a cikinmu, ta girme ni nesa, kowa Yaya yake ce mata. Ita ta koya mini neman jijiya a hannun jariri. Ta yarda ta karɓar mini ranar, ni in yi mata tata. Saura kawai majo ya goge suna ya rubuta suna. Muka shiga ofishinsa tare. Yana cin soyayyen ƙwai da burodi.

Na gaya masa. Bai ɗago ba ya ce, "Gwamnati ta ɗauke ka noma ne?"

Yaya ta ce, "Majo, ni na yarda. Ba abin da zai ragu a aiki."

Ya ce, "Yaya, in kowa zai gyara allo da kansa, ni me nake yi a nan? Ba a canjawa."

Na roƙe shi. Ina jin kunyar tuna irin roƙon da na yi, har da durƙusawa. Na ce masa tsohon ba shi da lafiya, in ban je ba zai fita da kansa. Ya suɗe yatsunsa ya ce tsofaffin ƙauye sun fi mu ƙarfi, in bar damuwa.

Baba ya jira ni har rana ta ɗaga. Da ya ga ba ni, ya saɓi sungumi ya fita, Inna tana bin sa da ƙwaryar iri. Bayan azahar ya faɗi a tsakiyar gona. A amalanke aka kai shi bakin hanya, aka tsayar da motar kasuwa, aka kawo shi asibitin da nake gardi. Ni na tarbe shi a ƙofa ban san shi ne ba sai da aka yaye zanen da aka rufe shi da shi. Bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki, rairayi har cikin gemunsa. Yaya ce ta sa masa ƙarin ruwa.

Ni ma'aikacin lafiya ne, na san hawan jini ba ya neman izinin kowa. Wataƙila ko ina nan zai faɗi wata rana. Amma ranar nan ni ya kamata in riƙe sungumin, wannan kam ba malamin da zai cire mini shi daga zuciya.

Baba bai sake magana sosai ba. Ya yi 'yan watanni a kwance, ya rasu bayan girbi. Majo ya zo ta'aziyya har ƙauye cikin motar asibiti, ya zauna a kan tabarma mafi kyau, ya yi doguwar addu'a, ya sha fura. Da zai tafi na gan shi yana leƙen rumfar da muke ajiye harawa. Na dawo da Inna wurina a gari, na koma aiki, ina gaishe shi kowace safiya kamar yadda aka saba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Jira nake yi, ban ma san abin da nake jira ba.

Ba ni kaɗai allon ya ci ba. Masu shayarwa suna kwana a aiki jariransu suna kuka a gida, alhali waɗanda suke kai wa majo cuku da man shanu suna barci a ɗakunansu. Duk wanda ya sami hanya sai ya nemi a canja masa gari. Waɗanda suka rage suka zama masu faɗa da majinyata, don wanda bai yi barci ba ba ya da fara'ar da zai ba wani.

Ana nan aka kawo mana sabuwar lokotoro, likita shugabar asibitin gaba ɗaya, mace mai ƙarancin magana. Ta yi 'yan makonni tana kallonmu kawai. Ran nan ta tara mu ta buɗe kwamfuta a kan tebur, ta ce daga wata mai kamawa ba allo. Akwai manhaja da za ta riƙa raba gardi. Kowa zai sa ta a salularsa, ya shigar da ranakun da yake roƙon hutu tun da wuri. Ita manhajar ba ta san ɗan wane ba, tana duba wanda ya kwana jiya ta hutar da shi, wanda ya yi Sallar bara ta tsallake shi bana. In mutum biyu suna son musanya, ɗaya ya aika, ɗaya ya danna ya karɓa, shi ke nan, ba sai an durƙusa wa kowa ba. Sai dai ba ta yarda wanda bai huta ba ya karɓi gardin wani.

Majo ya gyara zama ya ce, "Dokta, a nan rezon salula yana ɗaukewa, wuta ma haka. Waɗannan abubuwan na Yamai ne."

Ta ce za a buga takarda a manna kowane wata, kuma rezo yana dawowa. Sannan ta fara karanta sunayen da za a shigar. Da ta kai ƙarshe ta ce hannu ya yi kaɗan, musamman ga damina lokacin zazzaɓin sauro, ta tambaya ko an manta wani.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Dokta, majo ma mai jinya ne. Takardarsa ta fi ta kowa a cikinmu. Hasara ce a ce irin wannan hannu ba ya taɓa marasa lafiya."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ce gaskiya ne, za a sa shi ko da Asabar ɗaya ce a wata. Na ga wuyansa ya kumbura. Ya ce ba komai, ai aikinsa ne.

Ba zan ɓoye alherin abin ba, don ya yi alheri. Wata na fari mutane suna ta duba salula suna dariya kamar yara. Wata mai goyo ta ga ta sami sati guda ba kwanan aiki, ta zauna a kan benci ta yi kuka. Masu kai cuku suka fara sanin yadda sauron ɗakin yara yake cizo. Faɗa ya ragu, an daina ɓoye wa juna labarin biki ko suna don tsoron kada a ji a ɗora maka gardi ranar. Har wani da ya nemi canjin gari ya janye. Da ruwan shuka ya sauka a shekarar, na aika wa Yaya musanya ina tsaye a bakin moto, ta karɓa kafin in tayar da shi. Na shuka gonar Baba da hannuna. Amma duk wannan bai kashe mini wutar ba. Asabar ɗaya a wata ba ita ce kuɗin jinin tsoho ba.

Damar ta zo da kanta cikin tsakiyar damina. Babban ɗan majo zai yi aure a Damagaram. Tun da wuri majo ya shigar da ranar, manhaja ta ba shi hutu kamar kowa. Sai dangin amarya suka ɗaga bikin da sati guda, ya faɗo daidai kan Asabar ɗinsa ta gardi, yini da kwana. Lokacin kuwa ɗakin yara ya cika har ana shimfiɗa tabarmi a baranda, rabin ma'aikata kuma an tura su ƙauyuka rabon maganin rigakafin zazzaɓi. Ya je wurin lokotoro. Ta ce masa ita ba za ta taɓa tsarin da hannunta ba, don ran da ta taɓa wa mutum ɗaya an koma gidan jiya. Ya nemi mai karɓar masa.

Manhaja ta nuna masa waɗanda suka huta, waɗanda za su iya karɓa. Mu biyu ne, ni da Yaya.

Ina cin abincin rana saƙon majo na neman musanya ya shigo salulata. Na daɗe ina kallonsa. Na ture kwanon, na hau moto, sai gidan Yaya. Na tarar da ita tana tankaɗe, salular tana gefenta a kan tabarma.

Na ce, "Yaya, kin danna?"

"Ban danna ba tukuna. Hannuna da gari. Amma zan karɓar masa, auren ɗan fari ne."

"Yaya, tun da na san ki na taɓa roƙonki wani abu bayan na ranar nan?"

Ta ajiye rariya. Ta gane ranar da nake nufi. Ta ce, "Ƙanena, abin nan ya wuce. Allah ya riga ya yi ikonsa."

Na ce, "Ke kika sa wa Baba ruwa. Ke kika share masa rairayi a fuska. Ban ce ki yi wa majo sharri ba. Ranar hutunki ce, haƙƙinki ne. 'Yarki tana Belbeji da tsohon ciki, yaushe rabonki da ita? Ki je ki gan ta. Ni zan kai ki tasha."

Ta yi ta murza garin da ya maƙale a yatsunta. Can ta ce, "Kai fa zuciyarka irin ta raƙumi ce." Ta ɗauki salular, ta danna ƙi, ta kife ta. "Alhakin yana wuyanka."

Na ce na ɗauka.

Nawa saƙon ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba. Na bar shi a rataye. Majo yana ganina a asibiti yana yi mini murmushin da ban taɓa gani ba, yana tambayar lafiyar Inna. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana da ƙunshin goro da katin gayyata. Mutumin da bai taɓa sanin unguwar da nake ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa.

Ya yi ta kewaye-kewaye, damina, tsadar hatsi, yawan marasa lafiya. Daga baya ya ce, "Ɗana, ka ga saƙona?"

"Na gani, Majo."

"Mutane za su zo daga Maraɗi, daga Kano. Abokan aikina na dā, surukai. In aka ɗaura ba na nan, da wane ido zan dube su? Ka taimake ni. Duk gardin da kake so in yi maka, zan yi."

Na ce, "Ina da abin yi ranar."

"Mene ne? Ko zan iya sa wani ya yi maka?"

"Hutawa zan yi."

Ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, don idonsa ya sauka ƙasa. Ya ce da ƙaramar murya, "In don abin da ya wuce ne, ni ban san tsohon zai faɗi ba."

"Na gaya maka, Majo. A durƙushe na gaya maka."

Inna tana bayan ƙyaure, ashe duk tana ji. Ta yi gyaran murya ta gaishe shi, sannan ta kira ni ciki. Ta ce, "Mutum ya tako har gidanka da girmansa. Ubanka bai taɓa mayar da mai roƙo ba. Ka karɓar masa."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Komai kika ce in yi zan yi, banda wannan."

Na koma zaure, na ciro salula a gabansa, na danna ƙi. Tasa ta yi ƙara a aljihunsa. Bai duba ba. Ya tashi ya sa takalmansa, ya bar goron a kan tabarma.

Ranar Asabar na yi wanka, na sa shaddata ta Sallah da hula, na fesa turare. Akwai mai shayi a gindin bishiyar bedi, daidai ƙofar asibiti, inda ake hango barandar ɗakin yara. Nan na zauna tun da hantsi. Na sa aka soya mini ƙwai. Duk wanda ya wuce ya tambaye ni ko biki za ni, in ce a'a, iska nake sha.

Ina ganinsa yana kai da komo, farar rigar ta jiƙe da gumi, wani yaro ya yi masa amai a gaba. Na zaci zan ga hannunsa yana rawa, ya manta aiki. Ba haka na gani ba. Yana durƙusawa gaban uwa, ya kama hannun ɗa, sau ɗaya allura ta shiga. Ya iya aiki ƙwarai. Wannan ya ƙara mini haushi, don ashe duk shekarun da muke faɗuwa don gajiya, hannun nan yana nan, ƙwai kawai yake ci da shi.

Wajen ƙarfe goma salularsa ta yi ƙara. Ya fito ƙarshen baranda, ya kara ta a kunne, ya tsaya cik. Wani ne a can ya buɗe masa don ya ji ɗaurin auren. Na ga ya ɗaga hannu ɗaya yana shafa fatiha shi kaɗai, ga safar roba a hannun. Da ya sauke sai idonsa ya faɗo a kaina. Na ɗaga masa kofin shayi, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "Allah ya sa alheri, Majo! Allah ya ba da zaman lafiya!"

Wata uwa ta kira shi, ya juya ya shiga. Na zauna har azahar, na je na yi salla, na dawo na ƙara wani shayin. Ban taɓa shan shayi mai daɗin na ranar ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa daga baya ya zame mini ɗaci ba.

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Yaya ta dawo daga Belbeji da labarin an sami jika mace, ta kawo mini dabino, amma ta ce kada in sake sa ta cikin irin wannan. Majo kuwa bai ƙara yi mini magana ba sai ta aiki. Kafin shekara ta zagayo ya nemi a mayar da shi Damagaram, aka mayar da shi. Ragunan a babbar mota aka kwashe su. Yaya aka ba majo.

Bayan tafiyarsa lokotoro ta sake tara mu. Ta ce ta yi tunani a kan abin da ya faru, tsarin yana da gibi. Tana so a ƙara doka: duk wanda rasuwa ko auren ɗa ko rashin lafiyar iyaye ya same shi ba shiri, in ba a sami mai karɓa ba, manhaja ta zaɓi wanda ya fi kowa hutawa ta ɗora masa, ba ƙi. Ta ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Tana faɗa tana kallona.

Ni na riga kowa ɗagawa. Doka ce mai kyau, kuma sau da yawa a kaina take faɗawa, ina zuwa in yi ba gunaguni. Da aka fito Yaya ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Da an kawo dokar nan tun yana nan fa?"

Na ce, "Da na nemi wata hanyar."

Ta girgiza kai, ta miƙo mini makullin ɗakin magani, ta ce in je in buɗe, mutane suna jira.